Rijiyar sadaka ce, amma ƙanena ya ce a auna ruwanta

Assalamu alaikum Anti. Daga wani gari a jihar Zamfara nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana. Shekara takwas ke nan da maigidana ya haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar gidanmu, sadaka ga mahaifinsa da ya rasu. Ya sa mata sola da tanki da famfo uku. Mu da maƙwabta duk ita muke sha, 'yan garuwa ma a nan suke cika jarkokinsu kyauta. Ruwan garau yake, ga daɗin sha, ba a taɓa cewa ya ɓata wa wani ciki ba.

Da hutun da ya wuce ƙanena da ke karatun kimiyyar ƙasa a jami'a ya zo mana. Ya ga tafin hannun surukata, wadda muke zaune tare, ya yi wasu ƙuraje masu tauri kamar kanta, tafin ƙafarta ma haka. Sai ya ja ni gefe ya ce tunda ana haƙar zinari a bayan garinmu, ya kamata a kai ruwan nan a auna, wai akwai wata guba da ake kira asenik wadda ba a ganinta ba a jin ta. Da na gaya wa baban yara sai ya hau faɗa. Ya ce daga yin boko kwana biyu yaro zai zo ya ɓata masa sadakar mahaifinsa, kuma in maganar ta fita za a ce shekara takwas yana shayar da mutane guba. Ya ce kada in kuskura in sake tayar masa da ita.

Anti, ina da ciki wata biyar, ga yara uku. Tun ranar na koma tafasa ruwan shanmu. Ƙanena ya ce in ɗibi kwalba ɗaya a ɓoye in aika masa. In yi hakan? In kuma aka samu gubar, yaya zan yi da maƙwabta?

Ƙanwarki mai fargaba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raba lafiya, ya jiƙan surukinki, ya kai masa ladan ruwan nan.

Bari in fara da tukunyar da kike ɗorawa kullum, don ita ta fi tsaya mini a rai. Tafasa ruwa ƙwayoyin cuta yake kashewa, masu kawo amai da gudawa da taifod. Asenik kuwa ba shi da ran da wuta za ta kashe. Ma'adini ne da ke narkewa a ruwa kamar gishiri. Kin san yadda miya take in ta daɗe a wuta, ruwa ya ƙone gishiri ya fito. To haka abin yake. In akwai shi a ruwanku, tururi kawai kike kora, shi yana nan a ruwan da ya rage, har ma ya ɗan ƙara ƙarfi. Tacewa da ƙyalle ba ta tare shi, haka maganin kulorin da ake ɗigawa a randa. Alif yakan kama wani kaso a manyan matatun ruwa inda ake auna komai daidai, amma wanda muke kaɗawa a bokiti da ka ba abin dogaro ba ne. Ki huta da ɓarnar itace.

Ga abin da ya fi. Tunda kina da juna biyu, daga yau har a auna, ke da ƙananan yara ku koma shan ruwan wani wuri, ko na leda mai lambar NAFDAC, in da hali wanda ba a garinku ake ɗura shi ba, don kamfanin bayan layinku wataƙila daga ƙasa ɗaya kuke ja. Ki tuna koko da shayi da ruwan tuwo duk sha ne. Shinkafa ma takan tsotse ruwan da aka dafa ta da shi da duk abin da ke ciki. Wanka da wanki da wanke-wanke da alwala kuwa ki ci gaba da ruwan rijiyar, abin da ke ratsa fata bai taka kara ya karya ba. Ban ce ki ɗaga hankalinki ba. Wannan guba a hankali take aiki, shekara da shekaru, kuma har yanzu ba wanda ya tabbatar tana cikin ruwanku. Sai dai tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan da ke ciki, shi ya sa mai ciki ba ta jiran tabbas. In kin sauka ki ba da nono hankali kwance, kaɗan ƙwarai ke fita ta nan. Madarar gwangwani da aka dama da ruwan rijiya ita ce abar tsoro.

Sai maigidanki. Kada ki ɗauke shi mai taurin kai kawai. Mutum ya tara kuɗinsa ya haƙa wa mahaifinsa rijiya, kullum da asuba yana kwance yana jin ƙarar jarkoki a ƙofar gida, mata na ɗiba suna Allah ya jiƙan Malam, sai ƙanen matarsa ya zo hutu ya ce wataƙila guba ce. Ko ni ce sai raina ya sosu. Hujjarsa ita ce ruwan garau ne kuma ba wanda ya taɓa ciwon ciki, kuma da a kan gudawa ake magana da hujja ce. A kan asenik ba ta aiki. Ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a maikrogiram 10 cikin lita ɗaya, ma'aunin ruwan sha na Najeriya da aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015 shi ma a nan ya tsaya. Don ki ji ƙanƙantar abin, ɗauki dunƙulen magi mai giram 4, ki raba shi huɗu, ki narka kashi ɗaya a jarka 4,000 masu cin lita 25. Iyakar ke nan. Wane harshe ne zai ji wannan?

Mutanen Bangladesh sun yi shekaru suna shan irin wannan ruwa mai kyan gani suna godiya. A da ruwan tafki da kogi suke sha, gudawa da kwalara na kwashe musu yara. Daga shekarun 1970 gwamnatinsu da hukumomin agaji irin su UNICEF suka shiga kafa famfunan tuƙa-tuƙa, mutane ma suka riƙa haƙa nasu a gida, har suka kai miliyoyi. Kowa ya yaba. Ba wanda ya auna asenik, don ba ya cikin abubuwan da aka saba dubawa a lokacin. Sai a 1993 aka tabbatar da shi a rijiyoyin Chapai Nawabganj, bayan likitocin Bengal ta Yamma, can tsallaken iyaka a Indiya, sun daɗe suna ganin mutane da fata mai tabo da tafin hannu mai ƙuraje. Wani rahoto da ya fito a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2000 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari. Waɗanda suka haƙa rijiyoyin nan ceton rai suka je yi, kuma sun ceta. Daga baya aka bi rijiya-rijiya ana aunawa, mai kyau a shafa wa bakin famfonta koren fenti, mai guba a shafa ja. Sai ga abin mamaki: a ƙauye ɗaya, ta wannan gida ja, ta maƙwabcinsa da katanga kawai ta raba su koriya. Saboda haka in maigida ya ce miki ai an taɓa auna ta masallaci ko ta asibiti an ce lafiya lau, wannan bai wanke taku ba. Kowace rijiya da awonta.

Ƙanenki kuma bai yi shirme ba da ya kawo maganar zinari. A duwatsu da yawa zinari da asenik tare suke kwana, cikin wani dutse mai ƙyalli da ya haɗa ƙarfe da farar wuta da asenik. A arewacin Burkina Faso, lardin Yatenga, ƙasar zinari ce, an samu rijiyar burtsatse da asenik ɗinta ya haura maikrogiram 1,000 a lita, ninki ɗari na iyaka ke nan, aka kuma rufe wasu bayan an ga mutane da ciwon fata. 'Yan uwanmu na zangon Obuasi a Gana ma sun san zancen, don an daɗe da samun shi a rafukan da ke kewaye da ma'adinar garin. Wani abin lura a Yatenga shi ne rijiyoyin guga na gargajiya ne suka fi tsira, burtsatsen da ta huda dutse ita ce mai gubar, alhali a Bangladesh masu zurfi sosai ne suka fi tsafta. Na faɗi wannan ne don akwai mai haƙa rijiyar da zai ce muku a ƙara zurfi kawai, shi ke nan. Kada ku biya shi sai an san irin ƙasarku. Ga kuma abin da zai sanyaya wa maigida rai: ko a Burkina ɗin, da aka faɗaɗa awon zuwa sauran sassan ƙasar, mafi yawan rijiyoyin ƙalau aka same su. Zama kusa da zinari dalili ne na a auna, bai zama hukunci ba.

Ku mutanen Zamfara ba sai an ba ku labarin gubar da ba ta sallama ba. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka gano girman abin a Bagega. Da farko zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau aka zarga. Waccan dalma ce, kuma mafi yawanta ta ƙurar dutsen da ake daka a cikin gida ta shiga jikin yara. A Tibiri ta Maradi kuma ruwan burtsatse ne mai yawan wani ma'adini da ake kira fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara, aka yi shekaru ana sha kafin a gane. Don haka in za a kai ruwan, kada a tsaya kan asenik shi kaɗai. A haɗa da dalma da zaiba da fuloraid da naitret, sinadarin da ke shiga ruwa daga taki ko masai, da ƙwayoyin cuta, wahalar tafiyar ɗaya ce.

Wa ke da alhakin yin wannan awo? Ruwan leda yana da NAFDAC a kansa, na famfon gwamnati yana da hukumar ruwa. Rijiyar gida kuwa, in mai ita bai tashi ba, da wuya wani ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ko a Amurka haka ne. Dokarsu ta ruwan sha ta 1974 ba ta shafi rijiyar gidan mutum ba, alhali sama da mutum miliyan 40 ke sha daga irinta, har sai da jihar New Jersey ta wajabta tun 2002 a auna rijiya duk lokacin da za a sayar da gida. To ranar da maigidanki ya buɗe famfo uku ga unguwa, shi ya zama hukumar ruwan layinku, ko ya sani ko bai sani ba.

Kin tambaye ni ko ki ɗiba a ɓoye. Ni dai a'a nake cewa, aƙalla ba yanzu ba. Ba tsoron faɗansa kawai nake miki ba. Ki duba me za ki yi da takardar. In ta fito da kyau, kin ɓoye masa abin da zai faranta masa rai, kuma ranar da ya gano, ɓoyon zai riƙe, ya manta da sakamakon. In ta fito da muni, ke kaɗai ba ki iya rufe famfon, sai da shi, kuma za ki je masa da takardar da aka samo ta bayan idonsa daga hannun yaron da ya riga ya ce ya raina shi. Zai ce ruwan wani wuri aka kai. Ki ba kanki mako biyu ki bi ta ƙofa.

Ki cire ƙanenki daga maganar tukuna, ki cire kalmar guba. Ki sami lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba baƙo ba yaro, ki ce masa, Alhaji, ni ban ce ruwan nan na da komai ba, shekara takwas ina sha. Amma in muna da takardar leb, wato ɗakin gwajin ruwa, a hannu, duk wanda ya zo da wata magana gobe sai mu nuna masa, har mu manna ta a jikin tanki. In kuma akwai wani abu, gara mu mu fara sani mu gyara da kanmu da a zo daga waje a gano mana. Wannan shi ne ainihin tsoronsa, abin da gari zai ce, kuma awon ne kaɗai ke maganinsa. Yau ƙanenki ne ya yi maganar a cikin gida. Gobe wata ƙungiya ce za ta zo da kwalabe tana bin rijiyoyin gari, ba kuma za ta nemi izininsa ba.

In kina son ki shigo masa ta addini, ki bari wanda yake jin nauyinsa ya yi, yayansa ko limaminku. Sun san hadisin Sa'adu ɗan Ubada, wanda mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Sun kuma san ƙa'idar nan ta ba cuta ba cutarwa. Mutumin da ke sauya batirin sola ya wanke tanki don sadakar ta ɗore, awon ruwa ma cikin hidimar rijiyar yake. Abin da ya wuce bisa rashin sani ba laifinsa ba ne. Daga ranar da aka ja hankalinsa ne lissafin ya sauya.

In mako biyu suka cika yana nan a kan bakansa, ki gaya masa ido da ido, cikin ladabi, cewa za ki aika ruwan randarki a auna saboda cikin da ke jikinki. Wannan ba ɓoyo ba ne, kuma haƙƙinki ne. Ki kuma faɗa wa ma'aikaciyar da ke duba ki a wurin awon ciki. Duba-garin ƙaramar hukuma ma aikinsa ne ya ɗebi ruwan da jama'a ke sha, in ta kai ga haka.

Yanzu yadda ake ɗiban, don a nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. A fara tuntuɓar ɗakin gwajin kafin a taɓa famfo. Ƙanenki ya tambaya a hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, ko ɗakunan gwajin ruwa na gwamnatin tarayya irin na Kano da Minna, ko sashen kimiyyar sinadarai na jami'arsu. Tambaya biyu zai yi. Ta farko, kuna auna asenik? Dole a ambace shi da suna, don awon ruwa na yau da kullum sau da yawa ba ya ciki. Wata 'yar uwata ta taɓa kawo mini takardar rijiyarsu tana murna, an buga hatimi an rubuta ruwa ya dace da sha. Na bi layukan da yatsa har ƙasa: tsami, gishiri, ƙarfe, ƙwayoyin cuta. Babu asenik, babu dalma. Ba ƙarya suka yi mata ba, abin da ta biya suka auna. Tambaya ta biyu, mene ne mafi ƙanƙantar adadin da na'urarku ke iya gani? Akwai na'urar da ake ƙona ruwan a harshen wuta, wadda ta fi yawa a jami'o'inmu, in ba a ƙara mata wani sashe na musamman ba idonta bai kai maikrogiram 10 ba. Sai ta ce ba ta ga komai ba alhali ruwan ya ninka iyaka. In adadin da suka faɗa ya wuce 10, a gode musu a nemi wani wurin.

Mafi kyau su ba da kwalbarsu, wadda sau da yawa akan ɗiga mata asid kaɗan don kada asenik ya kwanta ko ya manne a jikinta. In akwai asid ɗin, kada a ɗauraye. In kwalbarku ce, ta zama sabuwar robar ruwan sha, a ɗauraye ta sau uku da ruwan rijiyar, kada a ɗauko ta lemo ko ta magani. A bar injin ya yi ta zuba kamar minti goma don ruwan da ya kwana a bututu ya fita, a tara daga inda yake fitowa kafin ya hau tanki, a cika a rufe, a rubuta rana da wuri a jiki. Ba sai kin bi hanya da cikin nan ba, yadda hanyoyinku suke. Direban da kuka yarda da shi ya isa, ya dai kai da wuri, kada ta kwana biyu a bayan mota cikin rana. Na ƙwayoyin cuta kwalbarsa daban, kuma a cikin ƙanƙara ake kai shi a ranar.

Akwai kuma ɗan akwatin gwaji da ake yi a bakin rijiya. Ana zuba ruwan a kwalba, a sa wasu garin sinadarai biyu ko uku, a maƙala 'yar farar takarda a murfi a rufe. Bayan kamar minti ashirin sai a duba: in ta zauna fara, madalla, in ta koma rawaya ko ruwan ƙasa, akwai shi, gwargwadon duhunta gwargwadon yawansa. A fili ake yinsa, nesa da yara, don iskar da ke tashi a kwalbar guba ce. Yana da amfani wajen gane rijiya mai guba da yawa, amma a kusa da iyaka yakan yi kuskure, sai leb ta tabbatar.

In takarda ta fito, ki kula da ma'auni, don a nan ma ana ruɗewa. Wasu sukan rubuta 0.01 na miligiram, wasu 10 na maikrogiram, duk abu ɗaya ne. In kin ga 0.05, wato 50 ke nan, ninki biyar. Ko ya fito da kyau, a maimaita sau ɗaya a wani lokacin shekara, in an yi da rani a sake bayan damina, daga nan kuma bayan 'yan shekaru, ko duk lokacin da aka ƙara zurfi ko aka buɗe sabon ramin haƙa kusa da ku.

Maganar Hajiya surukarki kuwa, ki ja kunnen ƙanenki, karatun dutse yake yi, ba na fata ba. Tsohuwar da ta yi rayuwarta da taɓarya da fartanya, kanta da kaushi da faso ba baƙi ba ne a wurinta, balle da hunturu. Fararen tabo a ƙirji kuma sau da yawa ƙyasbi ne. Na asenik yakan bayyana bayan an yi shekara biyar ko fiye ana sha: fata ta yi duhu da ɗigo-ɗigon fari da baƙi, kamar yayyafi ya sauka kan ƙura, har a ƙirji da baya inda rana ba ta bugu, sai ƙananan ƙuraje masu tauri kamar tsabar dawa a tafin hannu da ƙafa, dama da hagu. Likitan fata ne zai raba gardama, a kai ta ko da me ruwan ya nuna, don duk abin da ya yi tauri ya ƙi tafiya ya cancanci a duba. In ya nemi awon fitsari, ta bar kifi da kirefish na 'yan kwanaki kafin nan, don akwai wani nau'in asenik marar cutarwa a abincin ruwa da ke kumbura sakamakon. Kada kuma lafiyar fatar sauran mutanen gidan ta ruɗe ku. Da yawa sukan sha shekaru fatarsu sumul, illar tana ciki: sankarar fata da ta mafitsara da ta huhu, ciwon zuciya, ciwon suga, da tauye ƙwaƙwalwar yara. Babu allurar da ke wanke irin wannan gubar ta shekaru. Maganinta na farko daina sha, kuma jiki yakan fitar da wanda ke yawo a jini ta fitsari cikin kwanaki. Abinci mai gina jiki, wake da ƙwai da ganye, yana taimakawa.

To in aka samu fa? A nan ba ni da sassauci: dole a gaya wa maƙwabta, a ranar da aka tabbatar. Cikin masu ɗiban nan akwai mai ciki irinki, akwai mai dama wa jariri madara. Amma maigida ne zai faɗa, da bakinsa, shi da mai unguwa da liman, bayan sallar da ta fi tara mutane. Wanda ya tashi ya ce na auna rijiyata da kuɗina, ga abin da aka gani, ku daina sha har in gyara, ba za a kira shi mai shayar da guba ba. Wanda aka gano ya sani ya yi shiru shi ne ba ya sake ɗaga kai a garin. 'Yan garuwa su za a fara tarawa, don su ke kai ruwan gidajen da ba ku ma sani ba.

Ba sai an toshe rijiyar ba. A shafa wa famfunan jan fenti, a rubuta da boko da ajami cewa na wanka da wanki ne, ban da sha da girki. Sadaka tana nan tana gudana, don ruwan wanki ma kuɗi ake saye. Sai a auna sauran rijiyoyin unguwa, da wuya a rasa mai kyau a kusa, kuma wannan ita ce hanya mafi arha da aka gani a Bangladesh. Abin da zan roƙe ku shi ne kada tsoro ya mayar da mutane tafki ko rafi. Asenik shekaru yake ɗauka, kwalara kwana ɗaya ta ishe ta. Da damina a tari ruwan sama, a bar zubin farko ya wanke rufin kwano, a adana a rufe. In da hali, injin tacewa irin na kamfanonin ruwan leda, mai matse ruwa ta cikin wata siririyar fata, yana cire mafi yawansa, akwai ƙanana na gida da za su ishi sha da girki. Akwai kuma matatar bokiti mai yashi da ƙarfe, irin wadda wani masanin Bangladesh, Abul Hussam, ya ƙirƙira har ya ci kyautar dala miliyan 1 a 2007. Ko wacce aka saya, ruwan da ke fita daga cikinta ma sai an kai shi leb, don mai sayarwa zai rantse miki tana cire komai.

In maigida ya amince, ki bar shi ya cika kwalbar da hannunsa, ya rubuta sunan rijiyar a jiki, kuma lambarsa za a ba leb ɗin don shi za su fara kira. Ki rubuto mini abin da takardar ta ce, da lambobinta yadda suke, zan karanta miki.